Takardar da na tafi da ita asibiti

Daren jiya, da 'yata Ummi ta samu barci, na yagi takarda daga littafin yayanta na rubuta abin da na san likita zai tambaya: ranar da zazzaɓin ya fara, zafin jikin da ya kai 38.5, amai sau nawa, ko tana kama nono, ko fitsarinta ya ragu. Na haɗa da katin rigakafi, na zuba kwalaben magungunan kemis a leda, don "wani ja-ja mai zaƙi" ba sunan magani ba ne.

Har jiƙon da kakarta ta ɗura mata na rubuta. Hajiya ta ce, "Ke kuma, har wannan sai an faɗa?" Na ce, "Hajiya, ai cikinta ya shiga."

A asibiti layi har bakin ƙofa, kowa 'yan mintuna yake samu. Likita ya karanta, ya sa a auna nauyinta saboda da shi ake lissafin maganin yara, ya tura mu gwajin maleriya kafin ya rubuta komai. Jiƙon nan kuwa shi ya fi tsayawa a kai: me aka jiƙa, cokali nawa? Dole na kira Hajiya a waya, ta yi masa bayani da bakinta.