Abin da shagon rediyon mota ya koya mini

Duk wanda ya zo neman shawarata kan buɗe shagon rediyon mota, da maganar jari yake farawa: nawa zai isa, kuma Legas zai je sari ko a Sabon Gari zai tsaya. Da wuya ka ji wanda ya tambayi wa zai ɗaura kayan, alhali a nan sana'ar take. Pioneer ko Kenwood ɗin da ke kantata shi ne a kantar maƙwabcina, wataƙila ma mota ɗaya ce ta ɗauko mana su daga kasuwar Alaba ta Legas. Mai saye zai zagaye layin kaf yana tayawa kafin ya dawo, don haka ribar kwali siririya ce. Abin da ba ya tayuwa a layi shi ne aikin da za a yi a bayan dashbod, inda idon mai mota ba ya kaiwa.

A wajen wani mai gyaran wutar mota na yi koyo, can wajajen Ƙofar Ruwa a Kano, kuma kafin maigidana ya bar ni na taɓa rediyo sai da ya tabbatar na iya riƙe mitar auna wuta. Batir mai lafiya, mota a kashe, yana nuna wajen bolt 12.6, in an tayar da inji ya hau kusan 14. In bai hau ba, matsalar altaneta ce, kuma duk abin da ka ɗaura a motar nan, kai za a zo a kama da laifin mutuwar batir. Har yau ba na kwance ko noti ɗaya sai na auna a gaban mai motar, na ce, "Alhaji, duba nan ka gani da idonka." Mukan kunna fitilu da eyasi da gilasai tare da shi, don abin da ya zo a lalace kada gobe ya zama nawa.

Wayoyin bayan rediyo suna da ƙa'ida. Ruwan ɗorawa tana ɗauke da wuta a kowane lokaci don rediyo ya riƙe agogo da tashoshi, ja ba ta samun wuta sai an murɗa makulli, baƙa kuma ta jikin mota ce. Mai gaggawa sai ya murɗe ja da ruwan ɗorawa wuri guda, ya naɗe da salatif, rediyo ya kama, a biya shi. Mota ta yi kwana biyu a ajiye, da asuba a neme ta ta tashi ta ƙi, domin rediyon ya shanye batir. Motoci da yawa da ke shigowa shagona irin wannan aikin nake warwarewa, kuma zafin Kano na watan Afrilu ba ya barin salatif mai arha ya daɗe: gam ɗinsa ya narke, waya ta fito tsirara. Shi ya sa nake haɗawa da dalma, ko in sayi soket ɗin da ya dace da motar in bar wayoyinta na asali ba yanka.

Inda ba na sassauci ko kaɗan shi ne amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti. Wayar da za ta taso daga batir ta ratsa ƙarƙashin kafet har but, dole a sa mata fis kusa da batir, kada ya wuce taku ɗaya da rabi. Fis ɗin nan motar yake karewa: in ƙarfe ya goge wayar a hanya, shi zai ƙone maimakon kafet ya kama da wuta da iyalin mutum a ciki. Ita kanta wayar akwai magana. Kasuwa cike take da mai kaurin roba wadda cikinta alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe. Kankare ta da wuƙa za ka ga fari. Tana da arha, amma tana ɗaukar zafi kuma ba ta kai wuta yadda ta jan ƙarfe zalla take kaiwa. Nakan ajiye guntun kowacce a kan teburi, mai mota ya ɗaga ya ji bambancin nauyi da hannunsa. Wannan ya fi dogon bayani aiki. Kukan nan kuma da ke fita a sifika yana ƙaruwa in an taka totur, yawanci wayar jikin mota ce aka ɗaure a kan fenti ba a kankare ba, ko an jera wayar sauti da ta wuta a gefe guda.

Sai sanin kunnen mutanenka. Hotunan da ake gani a intanet na but cike da wufa, wato manyan sifikun nan masu girgiza ƙasa, ba su ne kasuwarmu ba. Yawancin masu zuwa wurina magidanta ne masu Corolla da Camry da Accord da 406, kuma abin da suke saurare murya ce: karatun Alƙur'ani, tafsiri in azumi ya kama, labarai, shirye-shiryen siyasa na dare. Bukatarsu sifikun gaba masu fitar da magana tas, da wurin sa filashi ko memori, da Bluetooth don amsa waya. Direban Hiace ko Sharon mai bin hanyar Kaduna yana son abin da zai jure gargada da ƙura. Samarin Adaidaita Sahu su ne masu son ƙasa ta girgiza, kuma da su nake shan doguwar muhawara, domin wutar babur mai ƙafa uku ba ta ɗaukar abin da suke so a ɗora mata. Akwai masu tallan maganin gargajiya da ke son lasifika a saman mota, in kakar zaɓe ta zo kuma aikin motocin kamfe ya yi yawa. Wanda ya zuba jarinsa a manyan wufa tun farko zai daɗe yana kaɗe musu ƙura.

Lambobin da ke jikin kwali na daina sayar da kaya da su. Za ka ga an rubuta wat 3000 a kan amfilifayar da fis ɗinta bai wuce amfiya 20 ba. Lissafin a fili yake: amfiya 20 sau bolt 14 bai kai wat 300 ba, to ina sauran za su fito? Lambar RMS, wato ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a ɗore, ita ce abin dubawa, kuma rediyon da aka rubuta wa wat 50 sau sifika 4 abin da yake bayarwa na gaskiya yana wajen 20 a kowace sifika. Faɗin haka yakan sa wani ya tafi inda za a gaya masa abin da yake son ji. Ina jin zafin rasa cinikin, amma ba zan iya kallon idon mutum in sayar masa da lamba ba. Haka nake faɗakarwa kan rediyon mota na gwanjo da aka ƙera don kasuwar Japan: da yawansu FM ɗinsu daga 76 ne zuwa 90, ba za su kamo tashar Freedom a 99.5 ba sai an ƙara musu na'ura.

Kuɗi kuwa, shekarar 2023 ta koyar da duk mai kayan waje. Bayan an saki naira kasuwa ta yanka mata farashi a watan Yuni, dalar da ake lissafawa a kan naira 460 da wani abu a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya sayar a kan farashin da ya saro, yana ganin ya ci riba, in ya koma kasuwa kuɗin ba sa sake sayen kayan da ya fitar. Tun daga lokacin, kafin in yanka farashi sai na kira Legas na ji yadda aka wayi gari. Kuɗin aiki kuma daban nake rubuta shi a rasit, ba na cusa shi cikin kuɗin kaya, domin in ka ce ɗaurawa kyauta ce ka koya wa mutane cewa hannunka ba shi da daraja. Bashi na taƙaita shi ƙwarai. Rediyon da aka riga aka ɗaura a motar aboki, kunya ba ta barin ka je ka kwance.

Yanzu allon Android mai inci 9 ko 10 shi ke tashe, da kyamarar baya. Shi ma sai an gwada kafin a saro, don wasu abin da aka rubuta na ƙwaƙwalwarsu ba shi ne a ciki ba, rana ta buga su kuma su riƙa sandarewa. Sababbin motoci sun ƙara wa aikin nauyi: rediyo a haɗe yake da kwamfutar mota, da maɓallan sitiyari, wani lokaci har da eyasi. Yanka waya ɗaya da ka na iya kunna fitilun gargaɗi a dashbod gaba ɗaya. Irin waɗannan ba na karɓa sai na samo taswirar wayoyin motar da soket ɗinta, kuma yaran shagona biyu da ke koyo, da karatun taswirar nan nake fara musu yanzu tare da mita.