Kwano Shida na Gyaɗa

Garwa, Litinin da dare.

Yau na fitar da tebur ƙofar gida a karon farko tun da na rufe shagona, kuma ina so in rubuta yadda ranar ta kasance kafin barci ya ɗauke ni, domin na san gobe zuciya za ta gyara labarin, ta cire wuraren da ba su yi mata daɗi ba.

Jarin duka sefa 15,000 ne, kwasata ta adashen da muke yi a zumuntar mata. Da shi ƙanena ya sayo mini gyaɗa kwano 6 a kasuwar Pitoa, ragowar kuma ta tafi a itace da kuɗin niƙa. Tun ranar Asabar na soya ta, na murje, na sheƙe ɓawon, yau da asuba na kai inji. Tuƙin ne ya ba ni wuya, domin rabon hannuna da taɓarya ya yi shekaru. Ana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa, kuma sai mutum ya daɗe yana fama da ƙullun da ke maƙale wa turmi, har ya fara zargin cewa gyaɗar ba ta da mai, kafin saman ya soma ƙyalli, man ya tsatsafo ya taru a gefe. Na sami lita 4 da ɗan kai, na mulmula tunkuzar na soya ƙuli-ƙuli.

Wajen ƙarfe 11, rana ta take irin ta Garwa a watan Maris, sai ga wata mata da ta saba sayen kaya a shagona na kusa da filin wasa na Rumde Ajiya. Ta san ni a lokacin da nake da yara biyu masu yi mini aiki, ta ga cinikin da muka yi a Janairun 2022, sa'ad da baƙin gasar cin kofin Afirka suka cika unguwar. Ta tsaya ta dubi kwalaben, ta ce, "Madam, ke ce a nan?" Ban san sa'ad da bakina ya ce na yara ne, tsare musu kawai nake yi ba. Ta yi mini sannu da rana ta wuce, ni kuwa na zauna da ƙaryata, ga ƙanshin tunkuza a hannuna yana tona mini asiri.

Da la'asar matar tsohon fastonmu ta zo da kwalbarta ta sayi rabin lita, ta ƙi yarda in yi mata ragi. Na gaya mata abin da na yi. Na ɗauka za ta kawo mini misalin ƙwayar mastad, wanda kowa ke kawowa a irin wannan zance, amma ba ta yi ba. Cewa ta yi, "'Yata, yarinyar da ba ta taɓa riƙe shago ba, da wannan tebur rawa za ta yi. Ciwonki ciwon tsofaffin nan ne na Ezra sura 3. Ki karanta kafin ki kwanta."

Na karanta. Bayan mutanen Yahuza sun komo daga bauta a Babila, aka sa harsashin sabon Haikali a Urushalima, wajen shekara 50 bayan rushe na Sulemanu a 586 kafin haihuwar Almasihu. Jama'a suka yi ta sowa, amma dattawan da suka ga Haikali na fari da idonsu suka fashe da kuka, har aka kasa bambanta muryar murna da ta kuka. Na sha wuce ayoyin nan ban tsaya ba. Yau na gane cewa abu ɗaya suke kallo su duka, dattawan dai suna auna shi da abin da ya riga ya ƙone ne. Ni ma ba ƙanƙantar teburin ce ta sa ni ƙarya ba, shagon da na ɗora kusa da shi a zuciyata ne.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne, Allah bai yi musu gardama cewa ginin babba ne ba. A Haggai 2:3 shi da kansa ya tambaye su ko ba kamar banza yake a idonsu ba, sa'an nan ya ce su ƙarfafa su yi aiki, gama yana tare da su. A Zakariya 4 kuma, inda aka yi maganar masu raina ranar ƙananan abubuwa, alkawarin shi ne hannun Zarubabel, gwamnan Yahuza, da ya sa harsashin shi zai gama. Aikin ma ya tsaya shekaru da dama kafin a kammala shi a shekara ta 6 ta sarautar Dariyus, sarkin Farisa. Na ji daɗin sanin wannan tsaikon, watakila fiye da yadda ya kamata.

Cinikin yau sefa 3,850 ne, yawancinsa daga 'yan makaranta masu sayen ƙuli-ƙulin 25 da 50. Na ware zakka, na ɗaure kuɗin gyaɗa dabam a bakin zane don kada cefane ya taɓa su, domin bashin da na riƙa bayarwa da cin uwar kuɗi su suka kashe shagon, ba wani maƙiyi ba. Matar nan da na yi wa ƙarya takan bi ta layinmu duk safiya idan za ta kasuwa. Na cika ƙaramar kwalba ɗaya na ajiye mata a gefe, gobe zan kira ta in gaya mata cewa teburin nawa ne, kuma ni na tuƙa man.