Sau biyu na sauke giyabos kafin na fahimci aikin fulawil

Motata Golf 3 ce mai injin fetur 1.8 da giyar hannu biyar, irin wadda kamfanin Volkswagen ya fara ƙerawa a 1991, kuma irin wadda direbobin haya suka cika tashoshin Arewa da ita saboda juriyarta da sauƙin samun kayan gyaranta. Na saye ta ta hannu, ban san adadin mutanen da suka riga ni taka ta ba, kuma ta yi mini hidima shekaru ba tare da na taɓa tunanin abin da ke tsakanin injinta da giyabos ɗinta ba, har sai ranar da muka kama hanyar Jos da iyali da kaya cike da but. Bayan mun wuce Saminaka, inda hanya ta fara hawa, na sa giya ta huɗu na taka totur domin in wuce wata tirela, sai injin ya ɗaga murya kamar zai tashi sama, amma motar ba ta ƙara gudu ko kaɗan ba. Na koma bayan tirelar da sauri, kuma ba a jima ba wani ƙauri mai kama da na ƙonannen birki ya cika cikin motar, har uwargida ta tambaye ni ko wani abu ne ya kama da wuta.

Duk wanda ya daɗe yana tuƙi ya san ma'anar wannan alama. Kuloci ne yake sulɓewa, wato injin yana juyawa amma ƙarfinsa ba ya isa ga tayoyi gaba ɗaya. Yadda abin yake shi ne, akwai faifai mai fata a fuskokinsa biyu, wanda makanikai ke kira filet, yana zaune a kan haƙoran sandar giyabos, an matse shi tsakanin ƙarafa biyu masu juyawa tare da injin: fulawil, wato wani faifan ƙarfe mai nauyi, a gefe guda, faifan matsi a ɗaya gefen. Muddin ƙafar direba ba ta kan kuloci, matsin yana riƙe da filet ɗin gam, sai su juya tare kamar abu ɗaya. Idan ya taka, matsin ya saki, injin ya rabu da giyabos, sai a sami damar sauya giya. Fatar tana cinyewa a hankali da kowace tashi da kowane cunkoso, kuma idan ta sirance, sulɓin yakan fara bayyana ne a manyan giyoyi da kan hawa, inda nauyi ya fi yawa.

Da muka dawo Kano na kai ta gareji, kuma a nan na tafka kuskuren da ya sa nake wannan rubutu. Bakaniken ya sauke giyabos, ya nuna mini filet ɗin da ya cinye har kawunan ƙusoshinsa sun fara fitowa, sannan ya ce: “Oga, da za ka daure da mun canza duka, domin fulawil ɗin nan ya sha wuta.” Ni kuwa wata ya yi nisa, ga kuɗin makaranta a gaba, sai na ce ya sa filet kawai, ya goge sauran da sanfefa ya mayar. Bai yi gardama ba. Ba na ɗora masa laifi a kan wannan, domin ya faɗi gaskiyarsa, ni ne na zaɓi araha; abin da kawai nake ganin ya rage a wajensa shi ne bai tsaya ya binciki inda danshin da ke cikin kwandon kulocin, wato bakin giyabos da ya rufe kulocin, yake fitowa ba.

Motar ta yi lafiya kamar wata huɗu. Daga nan sai ta fara karkarwa duk lokacin da zan tashi a giya ta ɗaya ko ribas, musamman da safe, sitiyari da kujeru duk suna rawa kamar mai jin sanyin hunturu, kuma kafin damina ta ƙare sulɓin ya dawo. A wannan karon wani direban haya da muke sallah tare ya kai ni wurin wani dattijon bakanike da ya ƙware a kan Golf, ni kuma na ɗauki hutun yini guda na zauna a kan benci ina kallon aikin daga farko har ƙarshe.

Ya fara da cire kan batir, ya tsiyaye man giya a cikin wani tsohon galan da aka yanke, ya kwance wayar kuloci da sandunan giya da kik, sannan yaransa suka kwance shaf biyun da ke kai juyi zuwa tayoyin gaba. Kafin su saki mazaunin giyabos sai da suka tokare injin, domin idan aka cire mazaunin babu abin da zai riƙe wannan ɓangaren. Da giyabos ɗin ya sauko ƙasa, dattijon ya shafa yatsa a cikin kwandon, ya shinshina, ya miƙo mini. “Malam, shinshina ka ji. Wannan ba baƙin mai ba ne, man giya ne.” Warin man giya daban yake, mai kaifi ne kamar na ƙibiritu, kuma wannan shinshinawar ce ta nuna masa inda zai duba.

A nan ne na koyi cewa kulocin wannan motar a juye yake idan aka kwatanta shi da na yawancin motoci. A Fijo ko Toyota, fulawil ne ake ɗaurewa a bakin kiranshaf, wato babbar sandar da ke fitar da juyin injin, filet ya biyo, faifan matsi ya rufe su. A Golf ɗina kuwa faifan matsi ne yake ɗaure a kiranshaf da kusoshi shida, sai filet, sannan fulawil ya kife a kansu kamar akushi da ƙananan kusoshi tara. Saboda haka boris ɗin da ke sakin kuloci ba ya cikin kwandon, yana can ƙarshen giyabos bayan wani koren murfi, kuma yana tura wata siririyar sanda da ta ratsa ta tsakiyar sandar giyabos ta zo ta danna wani ɗan faranti a tsakiyar faifan matsi. A bakin ramin da siririyar sandar ke fitowa akwai wani ɗan sil, wato zoben roba mai hana mai yoyo, da bai kai faɗin kwabo ba. Shi ne ya bushe ya tsage, man giya yana bin sandar yana ɗiga a tsakiyar kulocin, juyi kuma yana watsa shi kan fata. Sabon filet ɗina da bai cika shekara ba ya yi baƙi ya yi santsi, yana sheƙi kamar gindin tukunya, alhali kaurinsa bai ragu sosai ba.

Da aka wanke fulawil ɗin da fetur aka kai shi rana, sai na ga abin da bakaniken farko yake nufi da shan wuta. Fuskar da filet ke gogawa ta yi tabo-tabo masu launin shuɗi, inda zafi ya taurara ƙarfen fiye da kewayensa, ga wasu ƙananan tsaga kamar faso a dunduniya, kuma idan ka ja farce a kai sai ka ji yana hawa da sauka. Filet ba zai kwanta daidai a kan irin wannan fuska ba, yana kamawa a nan yana sakewa a can, kuma wannan kama-sakin shi ne karkarwar da nake ji. Dattijon ya juya shi ya nuna mini haƙoran gefensa, waɗanda kik ke cafkewa domin tayar da injin, ya nuna wurare biyu da suka dakushe. Ya ce injin mai silinda huɗu yakan tsaya ne kusan a wurare biyu kullum, shi ya sa haƙoran wuraren suke riga sauran cinyewa. Sai na tuna da ƙarar da kik ɗina kan yi jefi-jefi da safe, wadda na daɗe ina ɗora wa batir.

Na tambaye shi ko za a iya kai wa masu injin feƙe ƙarfe su share fuskar. Ya ce ana yi idan tabon bai yi zurfi ba, amma da sharaɗi: tunda fulawil ɗin mai zurfi ne kamar akushi, duk abin da aka rage a fuskarsa dole a rage daidai shi a bakin da ke haɗuwa da faifan matsi, in ba haka ba zurfin zai ƙaru, matsin ya yi rauni, sabon kuloci ya soma sulɓi tun ranar farko. Nawa dai, da tsagar da haƙoran, bai cancanci wahalar ba.

Muka nufi kasuwar kayan gyara ta Kofar Ruwa da tsofaffin kayan a cikin buhu, kuma ina ba duk mai irin motata shawarar ya yi haka, domin Golf ɗin ba ɗaya ba ce. Akwai kuloci mai faɗin milimita 190, akwai 200, akwai 210. Akwai filet mai haƙora 24 a cibiya, akwai mai 28. Akwai fulawil mai ƙusar saiti ɗaya, akwai mai biyu, kuma faifan matsin wannan ba ya hawa wancan. Mota irin tawa da ta bi hannaye da yawa, ba lallai ba ne giyabos ɗin da ke jikinta ya zama wanda ta fito da shi daga kamfani, don haka shekarar ƙira ba ta isa hujja ba, sai an ɗora tsoho a kan sabo an gwada. Mun sami fulawil ɗan Beljiyam mai lafiyayyar fuska da haƙora, na kuma sayi cikakken saitin kuloci na kamfanin Sachs, da boris, da siririyar sandar, da sil biyu na giyabos, da babban sil ɗin bayan kiranshaf, wanda bai fara yoyo ba amma babu hanyar kaiwa gare shi sai an sake sauke komai. A kasuwar na ga wani mai motar dizal yana riƙe da kai saboda farashin nasa fulawil ɗin, irin mai ɓari biyu da sifirin a tsakani, wanda kamfanin LuK na Jamus ya fara fitarwa a 1985 domin rage girgizar injin. Irin wannan galibi ba a share shi, idan ya saki sai sabo, sai na gode wa Allah da nawa dunƙulen ƙarfe ne kawai.

Haɗawar ta fi kwancewar ɗaukar lokaci, kuma a nan na ga bambancin hannu. Ya wanke fuskokin ƙarfen biyu tas domin cire man da ake shafa musu saboda tsatsa, ya hana yaran taɓa fatar filet da hannu mai maiƙo. Kusoshi shida na kiranshaf ya sa sababbi, domin irin waɗanda ake ɗaurewa ne sannan a ƙara musu kwatan zagaye, suna miƙewa, ba a maimaita su. Girisin da ya shafa a haƙoran sandar giyabos bai fi abin da zai rufe kan ashana ba, ya zura filet ɗin ya zare sau biyu ya goge abin da ya taru. Domin saita filet a tsakiya ya fito da wani zoben ƙarfe da ya ce shi ya sa aka feƙe masa tun yana saurayi, ya zauna cif a bakin fulawil, sannan ya bi kusoshi tara ɗin yana ɗaurewa kaɗan-kaɗan, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, har suka kai awon da littafin motar ya faɗa, wato Nm 20 a ma'aunin ƙarfin ɗauri. Ƙanana ne, kuma wanda ya hau su da ƙarfin tuwo zai karya. Kafin a rufe ya nemo alamar saitin wuta da ke gefen fulawil ya ɗiga mata farin fenti, domin a riƙa ganinta ta ramin da ke saman kwandon.

Sai bayan la'asar giyabos ya koma mazauninsa. Bai yarda a jawo shi da kusoshi ba, sai da suka yi ta girgiza shi suna juya shaf har haƙora suka shige da kansu, bakin kwandon ya haɗu da injin babu tazara. Aka zuba man giya kusan lita biyu, aka maƙala wayar kuloci, ya taka ya saki sau da yawa domin ta daidaita kanta, muka fita gwaji. Kulocin da a da sai ƙafata ta kusa barinsa yake kamawa, yanzu yana kamawa tun daga tsakiya, ya kuma yi laushi har na yi zaton wani abu ne bai ɗauru ba.

Muna dawowa, a wata mahaɗa mai ɗan tudu, fitila ta tsayar da mu, sai na riƙe motar da rabin kuloci da ɗan totur kamar yadda na saba shekara da shekaru. Dattijon ya kalli ƙafata, ya kalle ni, ya miƙa hannu ya ja hambirki. “Malam, cire giya ka sauke ƙafarka ƙasa. Wannan filet ɗin da kuɗinka ka saya.” Ya ce in lallaɓa ta na 'yan makonni a cikin gari, kada in yi lodi mai nauyi ko tashin gaggawa har fatar ta kwanta, in kuma dawo masa da ita ya leƙa ƙasan kwandon ko akwai danshi. Na koma bayan sati uku, ya shafa yatsa ya fito a bushe. Tsohon fulawil ɗin yana nan a ƙofar gida, yara sun mayar da shi abin tokare ƙyaure.