Ranar da na kai Baba gwajin mantuwa

Kusan shekara guda muna cewa gigin tsufa ne kawai, har ranar da Baba ya fita sallar la'asar a masallacin da yake zuwa tun kafin a haife ni, ya kasa gane hanyar gida, sai wani yaro mai shago ne ya riƙo masa hannu. Washegari na je na yanki kati.

Ni fa na zaci wata na'ura za a jona masa a kai, ashe takarda ɗaya ce da biro, minti goma zuwa sha biyar. Likitar ta ce sunan gwajin MoCA, maki 30 ne, wanda ya samu 26 zuwa sama ana ɗaukar lafiya lau. Ta faɗi kalmomi biyar ta ce Baba riƙe min su zan tambaye ka anjima. Ta nuna hoton zaki da raƙumi da karkanda, biyun farko ko jira bai yi ba, karkanda kuwa ya kalla ya kalla ya ce wannan wace irin saniya ce. Aka ce ya zana agogo ya nuna sha ɗaya da minti goma, mutumin da ilimin allo ya yi, lokacinsa da kiran sallah yake aunawa, biron ma kamar zai faɗi daga hannunsa. Amma da aka ce ya dinga cire 7 daga 100 sai tsohon ɗan kasuwar Kantin Kwari ya farka, 93, 86, 79, kamar yana ba da canji, wallahi sai da na ji hawaye.

Kuskurena a nan yake. Ta tambaye shi wane wata muke ciki, ya ce Sha'aban, kuma daidai ne, ni kuma na matso na raɗa masa sunan watan boko. Ta ɗago ta ce Malam don Allah koma can ka zauna, taimakon da kake yi cutarwa ce.

Kalmomi biyar ɗin nan ko ɗaya bai tuna ba, nan ne jikina ya yi sanyi. Da ta ji bai yi boko ba, sai ta ƙara masa maki ɗaya, haka tsarin yake, sannan ta ɗauko tsinken ashana huɗu ta jera, ta ce ya kwaikwaya, wannan ba ruwansa da iya rubutu. Ta ce maki kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an duba jini, bitamin B12 da sukari da sinadarin maƙoshi (thyroid), don akwai mantuwar da magani ke gyarawa, rashin ji da damuwa ma suna kayar da mutum.

Tambayoyin da ta yi min rabi ban iya amsawa ba, yana manta ya ci abinci? yana maimaita raka'a? Hajiya ce ta san wannan, kuma na baro ta a gida. Tabaraunsa ma na manta a kan gado. Komawa ta gaba da sassafe za mu je, mu uku.