Na kai ɗana farautar barewa, wani ya sa shi gaggawa

Ɗana ya samu barewarsa ta farko yana da shekara 13, kuma duk wanda ya ga ƙahon sai ya yi masa barka. Ni ma ina alfahari da shi ƙwarai. Amma har yau raina bai gama hucewa ba, domin dabbar nan ta sha wahalar awanni da bai kamata ta sha ba, yaron ya kwana da nauyin abin a zuciyarsa, kuma duk wannan ya faru ne saboda babban mutum guda ya kasa riƙe bakinsa na daƙiƙa biyar.

Ba zan ja zancen shiri ba, duk mai farauta ya san shi. Lasisi na hannu, namiji ɗaya tak aka yarda mana, a wurin da doka ta buɗe, a lokacin da ta buɗe. Bindigar .243 Winchester ce, wadda ta fito tun 1955 kuma har yau ita ake yawan miƙa wa yara saboda ba ta dukan kafaɗa sosai. Na sa an rage tsawon gindinta, don in bindiga ta yi wa yaro tsawo a damtse take zama maimakon kafaɗa, ta ji masa ciwo, ya koyi runtse ido tun kafin ƙara ta tashi. Wannan ɗabi'a in ta shiga jiki da wuyar fita. Abin toshe kunne kuwa dole ne, ƙarar irin wannan bindiga ta haura desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti, harbi ɗaya na iya bar wa kunne lahani na har abada. Yawancin atisayenmu ma babu harsashi a ciki: ya ɗora bindiga a kan gwafa, ya saita, ya matsa kunama a hankali har ta ce ƙyas, ni kuma idona na kan bakin bindigar ko zai motsa.

Mun yi yarjejeniya da shi tun a gida. Ba zai harba ba sai dabbar tana tsaye cak, ta ba shi gefe, nisan bai wuce mita 150 ba, kuma a bayanta akwai ƙasar da za ta tare harsashi. Na ƙara masa da cewa in ransa bai kwanta ba ya ce a'a, babu wanda zai tambaye shi dalili.

Jagoran da muka ɗauka ya san dajin kamar yunwar cikinsa, wannan ba zan tauye shi ba. Da sanyin safiya ya kai mu kusa da wani namiji mai kyan ƙaho, yana tsaye a ƙoƙuwar tudu, nisan bai kai mita 120 ba. Yaron ya ɗora bindiga, ya duba ta madubin saitin bindigar, ya daɗe yana dubawa. Can ya ɗago kai ya ce, "Baba, babu komai a bayansa, sama ce kawai." Ya mayar da makullin da ke hana bindiga tashi. Gaskiyarsa ce. Harsashin irin wannan bindiga in ya wuce ba tare da ya samu abin da zai tare shi ba yana iya cin fiye da kilomita 3, kuma babu wanda ya san me ke bayan tudun, mutum ne ko dabbar wani. Na dafa kafaɗarsa, wani daɗi ya cika ni. Sai jagoran ya ja tsaki, ya ce, "Yaro, irin wannan ba ya zuwa sau biyu."

Yaron bai tanka ba, amma ya ji. Yinin ranar duk ya yi shiru, yana tafe a baya yana kallon takalminsa. Abin da ya faru washegari daga wannan tsakin ya samo asali.

Da hantsi muka hango garke a wani fili mai gajeriyar ciyawa. Sanɗar ta yi kyau. Jagoran ya ɗebi ƙura ya saki, muka ga iska tana bugo mu a fuska, muka bi ta kwari muna rarrafe. Idanun barewa a gefen kai suke, tana ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita ko da kanta na ƙasa, kuma motsi ne ke tona mutum fiye da launin tufafinsa. Saboda haka sai sun sunkuya kiwo mu matsa, da ɗaya ta ɗago mu daskare. Gwiwar wandon yaron ta yage, ƙaya ta shiga tafin hannunsa, ko uffan bai ce ba. Da muka kai ƙarshen maɓoya na auna nisa: mita 180. Ya wuce iyakar da muka sa da mita 30. Na raɗa masa cewa mu jira, kiwon yana kawo su wajenmu. Ya ɗora bindiga a kan gwafa don ya zama a shirye. Ina gefensa na hagu da madubin hangen nesa, ina ganin yadda bakin bindigar ke rawa, ina jin numfashinsa sama-sama. Wannan rawar jikin ba abin kunya ba ce, manyan maharba ma tana kama su, maganinta kawai lokaci. Ina ce masa, "Ja numfashi, saki. Babu gaggawa."

Sai namijin ya ɗaga ƙafa ya fara tafiya. Jagoran, da ke durƙushe a damansa, ya kai baki kunnensa ya ce da ƙarfi, "Harba! Harba yanzu, zai tafi!"

Bindiga ta tashi.

Ga wanda yake ganin taku ɗaya ba komai ba ne, ga lissafin. Harsashin yana barin bakin bindiga da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa, kuma kafin ya ci mita 180 yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Dabbar da ke tafiya a hankali, mita ɗaya a daƙiƙa, ta riga ta matsa santimita 20 a wannan ɗan lokacin. A ƙara da jinkirin da ke tsakanin yanke shawara da matsa kunama, a ƙara da fizgar yatsan yaron da aka daka wa tsawa. Wurin da ake nema, huhu da zuciya a bayan ƙafar gaba, bai fi taki ɗaya ba a jikin barewa. Abin da ke bayansa kai tsaye hanta ce, sai tumbi. Saitin yaron bai ɓaci sosai ba, jikin dabbar ne ya shige gaba ya bar tumbi a inda huhu yake.

Tun daga ƙarar na sani. Sautin ya dawo mana a daskare, ɗum. Namijin ya ƙudundune baya, ya sunkuyar da kai, ya shiga tsakiyar garke yana tafiya da ƙyar. Da a fili yake shi kaɗai da na ƙara masa harbi nan take, domin dabbar da aka raunata ba a tsaya neman wa zai ci yabo a kanta. Amma mata sun rufe shi, sannan duk suka faɗa bayan wasu ƙananan itatuwa. Jagoran ya miƙe zai bi. Na riƙo hannunsa na ce, "Malam, zauna."

Bayan rabin awa muka lallaɓa zuwa inda dabbar take lokacin da harsashi ya same ta. Gashi kaɗan, ɗigon jini mai duhu, gauraye da kore-koren abin cikin tumbi mai wari. Na nuna wa yaron na yi masa bayani, don ya riƙe har abada: jini mai haske da kumfa na huhu ne, wannan dabbar ba ta nisa. Jini mai duhu sosai na hanta ne, a ba shi awa uku ko huɗu. Wanda ya zo da ciyawa da wari kuwa tumbi ne, kuma shi ake ba awa shida zuwa sama. In an ƙyale dabbar da aka samu a ciki, takan kwanta kusa. In aka tashe ta da wuri sai ta ci dogon zango, kitse da abin ciki su toshe ramin, jini ya daina zuba, sawu ya ɓace, ta mutu a inda ba wanda zai same ta sai angulu.

Jiran nan shi ne mafi wuya a duk farautar da na taɓa yi. Muka zauna a inuwa. Gorar ruwa na gabansa bai taɓa ta ba, yana ta tsinke ciyawa ɗaya bayan ɗaya yana ajiyewa a kan gwiwarsa da ta yage. Can ya ce, "Baba, yana jin zafi?" Na ce, "Yana ji." Hawaye suka zubo masa. Ban rarrashe shi da ƙarya ba, domin yaron da zai riƙe bindiga ya kamata ya san abin da take yi in an yi sakaci. Amma na gaya masa cewa na ji abin da aka faɗa a kunnensa, kuma na ga yadda ya riƙe yatsansa kafin a faɗa. Ɗan shekara 13 in babba ya daka masa tsawa a irin wannan yanayi, jikinsa ne ke amsawa kafin tunaninsa ya iso. Balle wanda aka riga aka kunyata jiya don ya ƙi harbi.

Da rana ta karkata muka bi sawu. A nan jagoran ya nuna gwanintarsa, yana tsinto ɗigon jini a kan fako inda ni ban ga komai ba, muna ɗaura ƙyalle a duk inda muka ga na ƙarshe. Ba mu yi nisa ba muka hango namijin kwance a gindin wani kurmi, kansa a ɗage. Na ce wa jagoran ya tsaya a nan, kada ya ƙara taku ɗaya, kada kuma ya ce komai. Ni da yaron muka matsa har kusan mita 60. Na tambaye shi ko in ƙarasa masa. Ya ce, "A'a Baba, ni na fara." Ya kafa gwafa da kansa. Ya daɗe, wallahi ya daɗe har na fara jin bugun zuciyata, amma ban buɗe baki ba. Na ga kafaɗunsa sun sauka, bakin bindigar ya tsaya. Harbi ɗaya, daidai bayan kafaɗa, kan dabbar ya kwanta. Yaron da aka ce ba zai samu dama sau biyu ba ke nan, da aka bar shi da hankalinsa.

Fiɗa ta nuna mana sauran asarar. Tumbi ya fashe, abin ciki ya wanke cikin gaba ɗaya, ga zafin yini. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a nama tsakanin digiri 5 da 60 na ma'aunin Celsius, kuma cikin da ya fashe ya ba su abin da suke so. Muka fitar da kayan ciki da sauri, muka yanke duk inda ƙazantar ta taɓa. Hanta ta tafi, lallausan naman nan na ciki da ke manne da ƙashin baya ya tafi, haƙarƙari ma rabi muka zubar. Cinyoyi da kafaɗu da naman gadon baya muka tsira da su, muka feɗe muka sa a ƙanƙara. Yaron ya riƙe ƙafafu, ya sa hannu a aikin har ƙarshe, duk da warin ya sa shi kau da kai ba sau ɗaya ba.

Duk uban da zai kai ɗansa irin wannan farauta tare da wani babba, jagora ne ko aboki ko ƙanin uba, ya zaunar da mutumin tun kafin a shiga daji ya faɗa masa a fili: murya ɗaya ce za ta shiga kunnen yaron, ta mahaifinsa. Jagora ya faɗa wa uba wace dabba ce da nisanta, daga nan ya ja baya ya yi shiru. Kada a bar kowa ya durƙusa a ɗaya gefen yaron. In yaro ya ƙi harbi, a yaba masa da babbar murya a gaban kowa, nan take, kafin wani ya riga ka da tsaki. Iyakar nisan da aka sa kuma ta zama ƙasa da abin da yake iya yi a filin atisaye, domin takardar da ake harbi a can ba ta tafiya, kuma ba ta sa zuciya bugu.

Da za mu rabu na gaya wa jagoran abin da ke raina, ba a gaban yaron ba. Ya ce, "Maigida, ai da bai harba ba da kun koma hannu Rabbana." Na ce da mun koma ɗin, kuma da na fi son haka. Bai gane ba, har yau ina jin bai gane ba, shi ƙaho yake ƙirgawa. Na sallame shi da haƙƙinsa cikakke, amma ba zan sake kai masa ɗana ba.

Atisayenmu yanzu ya canza. Yana ɗora bindiga babu harsashi, ni kuma in tsaya a damansa in riƙa ce masa "harba, harba, zai tafi" da ƙarfi, aikinsa shi ne yatsansa ya zauna a wajen kunama har sai shi da kansa ya ga saiti ya tsaya. Da farko yakan matsa da na ɗaga murya. Yanzu yakan bar ni in gama ihuna, wani lokacin ma ya mayar da makulli ya ce bai gamsu ba. Sai mun yi wannan da harsashi na gaske a filin atisaye, a mita 100 sannan 150, kafin in sake neman lasisi da sunansa.