Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Allurar Ƙarfe Biyun Dare

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan labari. Makon jiya mun tsaya a inda aka ɗauke ni daga ɗakin yara aka mayar da ni ɗakin masu haihuwa, a lokacin ban cika shekara da karɓar lasisi daga Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya ba. Abin da zan ba ku yau na daɗe ina kewaye shi. Ba zan ambaci asibitin ba. Na gwamnati ne dai, a wani gari na jihar Kebbi da ke bakin fadama, inda in damina ta yi nisa wasu ƙauyukan sai an haɗa da kwalekwale kafin a kawo mai naƙuda.

Cikin watan Agusta ne, ina aikin dare tare da wata babbar sista da kowa ke kira Anti. Ɗaki ya cika har da masu kwana a tabarma. Cikin majinyatan akwai mata biyu da ke kan allurar magnesiyam salfet, maganin jijjigar masu ciki, wadda wasu ke kira taune-taune. Ɗaya an kawo ta da dare tana jijjiga, har ta ciji harshe. Ɗayar ta haihu tun da rana, jininta ne ya hau sosai, ana tare mata ciwon kafin ya zo.

Sai na ɗan yi bayanin allurar, don in ba haka ba ba za ku gane girman abin da na yi ba. Tsarin da muke bi shi ne na Pritchard, wani likitan Amurka. Da farko ana ba mace giram 14: huɗu ta jijiya a hankali, goma ta tsoka, biyar a kowane ɓangare na mazaunai. Daga nan sai giram 5 duk bayan awa huɗu, ana sauya ɓangare, har a cika awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjigar ƙarshe. Giram 5 ɗin nan mililita 10 ne cur a sirinji, ga zafi, shi ya sa ake haɗa shi da ɗan maganin kashe zafi. Kuma ba a yin ta da ka. Kafin kowace allura sai an buga gwiwa an ga ƙafa ta harba, an ƙirga numfashi bai gaza 16 a minti ba, an duba jakar fitsari an ga ya kai mililita 100 cikin awa huɗun da suka wuce. Ƙoda ce ke fitar da maganin. In ya taru a jiki, harbin gwiwa ne ke fara ɓacewa, sai numfashi ya ja baya, ƙarshe zuciya ta tsaya.

Mai jijjiga allurarta ƙarfe biyu ce. Mai jego an yi mata tata ƙarfe sha biyu, ta gaba sai ƙarfe huɗu. To, sunansu ɗaya, har sunan mazajensu da aka rubuta a kati ɗaya ne, irin sunayen nan da in ka kira a kasuwa mutum goma za su waiwayo.

Ƙarfe biyu saura Anti ta shiga ɗakin karɓar haihuwa da wata mai zubar jini. An ɗauke wuta, fitilar sola ɗaya ce ke ci a can ƙarshen ɗaki. Na duba kati a teburi, na zuƙi magani, na ɗauki tire na shiga tsakanin gadaje ina kiran sunan ƙasa-ƙasa. Wata tsohuwa ta ɗago daga tabarma ta ce, "Ga ta nan, ɗiyata." Ban koma kan lambar gado ba. Ban buga gwiwa ba, na ce a raina in na gama na duba. Katin ya ce hagu ne ke da layi. Da na haska fitilar waya sai na ga sabon gurbin allura a hagun, har da ɗigon jini a zane. Maimakon wannan ya tsayar da ni, sai na ce masu aikin yamma ne suka yi kuskuren rubutu, na juya ta dama, na soka, na tura duka.

Ina danna auduga tsohuwar ta ce, "Yau alluran kusa-kusa su ka zuwa. Ba a jima da yi mata wata ba, ko barci ba ta koma ba."

Na ji wani sanyi ya sauko mini tun daga ƙeya. Na haska fuskar matar, na haska gefenta, sai ga jariri naɗe cikin zane. Mai jijjiga ba ta haihu ba tukuna.

Da ƙarin ruwa ne da na rufe shi, na zare. Allurar tsoka kuwa zarar bunu ce, in ta shiga ta shiga. Maganin na nan kwance cikin nama, jiki zai yi ta jan sa har tsawon awa uku zuwa huɗu, babu yadda za a yi da shi sai ido.

Ba zan ɓoye muku abin da ya fara zuwa raina ba. Babu wanda ya gani. Tsohuwa ba ta san lissafin awa ba. Zan iya zuƙo wata in yi wa mai jijjiga, in cike katinta, in ja bakina in yi shiru. Na tsaya da tire a hannu ina wannan saƙa da warwara, har sai da na tuna ƙarfe huɗu. In na yi shiru, katin mai jego zai nuna lokacinta ya yi, Anti za ta zo ta ƙara mata wasu giram 5, ya zama 15 cikin awa huɗu a jikin macen da hawan jini ya riga ya taɓa. Ba jarumta ce ta kai ni ƙofar ɗakin haihuwa ba, wannan lissafin ne.

Na ce, "Anti, na yi ɓarna." Hannunta na cikin safa, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Wa? Me? Nawa? Ƙarfe nawa?" Na amsa. Ta ce, "Je ki yi wa mai jijjiga allurarta, ki buga gwiwarta tukuna. Ki aika maigadi ya taso likita. Ki ɗauko kalsiyam gulukonet ki aje a kan gadon waccan. Kuka kuma ki bari sai da safe."

Kalsiyam gulukonet shi ne makarin maganin, giram 1 ta jijiya a hankali. Kwalba ɗaya tak na samu a akwatin gaggawa, na duba kwanan watanta har sau biyu hannuna na rawa. Likitan, wani matashi mai bautar ƙasa, ya iso da takalmin wanka. Ya duba mai jegon, ya hana a yi mata allurar ƙarfe huɗu, ya ce a riƙa auna ta duk bayan minti 15, in numfashi ya faɗi ko gwiwa ta mutu a ba da makari a kira shi, in ta ƙi sai Birnin Kebbi.

Na jawo kujera na zauna a gefenta. Ba mu da gudumar gwiwa, da gefen hannu nake bugawa. Ina kallon agogon da ke maƙale a ƙirjina, ina kallon zanenta yana hawa yana sauka. Wajen uku da rabi ta ce jikinta ya yi nauyi, tana jin zafi a fuska, harbin gwiwar ya rage ƙarfi amma bai ɓace ba. Numfashi ya sauko 16 ya tsaya a nan. Abin da ya taimake ta fitsari ne, jakar na ta taruwa. Da aka kira assalatu ta nemi a miƙo mata jaririnta. Mai jijjiga kuma, wadda na jinkirta wa magani, Allah ya sa ciwon bai dawo ba.

Anti ta sa na rubuta komai a katin da hannuna, da lokaci da sa hannu, ta hana ni goge ko harafi ɗaya. Sannan ta ce in je in gaya wa tsohuwar. Na durƙusa na ce, "Inna, allurar da na yi wa ɗiyarki ba tata ba ce, kuskure na yi." Ta dube ni ta ce, "To mi za a yi? Allah ya tsare gaba. Ku ma mutane na." Har yau wannan amsa ba ta ba ni daɗi. Mutanenmu na yafe wa ma'aikacin asibiti tun kafin su san abin da aka yi musu, mu kuma da yawanmu mun jingina da wannan.

Akwai abin da littafi bai koya mana ba. Ya ce a tabbatar da majinyaci da suna da ranar haihuwa. Matar ƙauye sau da yawa ba ta riƙe ranar haihuwarta ba, kunya kuma ba ta barin ta ta ambaci sunan miji, kuma duk abin da mai farin kaya ya tambaya "eh" ce amsarsa. Tun daga ranar ban ƙara kiran suna in jira a amsa ba. Nakan ce mace ta faɗi sunanta da bakinta, ta faɗi ƙauyensu, in haɗa da lambar katin da ke hannuna a bakin gadon.

Na koma gida ban iya karyawa ba. Mahaifiyata ta tambaye ni, na ce gajiya ce. Kwanakin da suka biyo baya, in na ɗauki sirinji sai na ji yatsuna sun yi sanyi, har na fara tunanin neman a mayar da ni wajen yankan kati. Ranar Litinin ina shiga, masinja ya tare ni da takarda a ninke, ya ce shugabar ma'aikatan jinya tana jira na a ofis, kuma an ce in taho da Anti.

Yadda muka kwashe a ofishin, da abin da Anti ta faɗa wanda ya sa ita ma aka ba ta tata takardar, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.