Kansar hanta ta dawo wa Baba: a sake yankawa ko a ƙona?

Shekara biyu da rabi kenan da aka yi wa Baba tiyata aka cire masa ƙari a hanta, mu dai a ranmu an wuce wurin. Sai watan jiya da muka je sikanin da ake masa akai-akai, likita ya juyo da kwamfutar ya nuna min wani ɗan duhu a hoton, santimita 2 da ɗan ɗoriya. Ya dawo. Wallahi jikina sai da ya yi sanyi.

Ashe dawowar ba baƙon abu ba ce. Irin kansar da ke tasowa daga ƙwayoyin hantar kanta, wadda likitoci ke cewa HCC, takan dawo wa kusan kashi 70 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata cikin shekara 5 bayan aikin. Wani lokaci ɓurɓushin na farkon ne ya saura, wani lokacin kuma hantar ce da ciwo ya riga ya cinye take sake tsiro da sabo. Na Baba hefataitis B ne ya ɗauki shekaru yana cin hantar har ta yi tabo ta ƙanƙance.

Likitan ya ce, "Baba, hanya biyu ce a gabanmu, ko mu sake buɗewa mu yanke, ko mu ƙona shi da allura." Baba ko jira bai yi ba ya ce, "Likita in yankan ne zai raba ni da shi, a yanka." Ni ma haka na so, don a tunanina ƙonawa magani ne na wanda aka sallama, wanda aka ga ba zai iya ɗaukar babban aiki ba. Kuma na san ba ni kaɗai ke wannan tunanin ba, shi ya sa nake rubuta wannan.

Ƙonawar nan da suke kira RFA, allura ce doguwa ake sokawa ta fata, ana kallon hanyarta a sikan har ta shiga tsakiyar ƙarin, sai a kunna na'ura zafi ya dafa shi a inda yake, akwai kuma ta maikrowef da ta fi saurin zafi. Ba a buɗe ciki, jini kaɗan ne, kuma hantar da ke gefe ba a taɓa ta sosai, wannan ne ma babban abin ga mutum irin Baba da an riga an yanke masa wani sashe kuma ragowar ba lafiyayya ba ce. Tiyata ta biyu ta fi ta farko wahala saboda naman ciki ya manne da juna daga yankan baya.

Da na koma gida na zauna na yi ta karatu, na tarar da wani bincike da aka yi a Sin, aka buga a mujallar JAMA Oncology a 2020. Mutum 240 ne da kansar ta dawo musu tana ƙarama, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi yanka rabi ƙonawa. A tsawon rai gaba ɗaya ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Amma matsalolin bayan aiki sun fi yawa nesa ba kusa ba a wajen waɗanda aka yanka, sun kuma fi daɗewa a gadon asibiti. Sai dai fa kar wani ya ɗauka ƙonawa ce ta ci gasar, domin waɗanda ƙarinsu ya wuce santimita 3, ko gwajin jininsu na AFP, wani sinadari da kan hau in akwai kansar hanta, ya haura 200, yankan ya fi musu amfani, kuma ƙari ya fi sake fitowa a gurbinsa bayan ƙonawa.

Wurin da ƙarin ya zauna ma yana da magana. In yana jikin babbar jijiya, jinin da ke gudu yana kwashe zafin, sai gefen ƙarin ya ƙi dahuwa. In yana kusa da hanji ko matsarmama, ana tsoron ƙona abin da ba shi aka nufa ba. Akwai dashen hanta ma, amma wannan doguwar magana ce ta daban.

Na koma na tambayi likita abu uku, girman ƙarin, inda yake, da ƙarfin hantar da ta rage. Na Baba ƙarami ne, yana can ciki nesa da manyan jijiyoyi, AFP ɗinsa bai hau sosai ba, kuma yankan zai ci lafiyayyen nama da yawa kafin a kai gare shi. Na zauna na yi wa Baba bayani a hankali, ya daɗe shiru sannan ya ce, "To, Allah ya sa shi ne mafi alheri."

An yi masa ranar Talata, washegari da yamma muka dawo gida yana tafiya da ƙafarsa, sai ɗan zazzaɓi da ciwo a gefen dama. Maganin hefataitis ɗinsa yana nan yana sha kullum, ba a ce ya tsayar ba. Nan da wata guda za mu koma a sake sikan a ga ko ƙarin ya mutu gaba ɗaya. Dan Allah ku sa shi a addu'a.